Bugu Biyu a Kwangila

Shekaranjiya ina zaune a bencin mai shayi a tasha na ji wani saurayi da ya gama makaranta yana gaya wa abokinsa cewa in aikin ofis ɗin da yake nema bai samu ba, ko kwandasta ne sai ya taɓa kafin Allah ya kawo mafita. Shekara talatin da huɗu ina rataye a ƙofar bas tsakanin Ikara, Makarfi da Zariya, gwiwata ta dama ta gama aiki, muryata ta dushe har jikokina suna kwaikwayona, sannan yaron da ko taya bai taɓa kwancewa ba ya mayar da sana'ata rumfar fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Ban tanka masa ba, don na san halina, in na buɗe baki a lokacin abin ba zai yi kyau ba. Amma tunda haka kuke ganin aikin, ku yaran yanzu, to ku zauna ku ji.

Sunana Haladu. A ganinku aikina shi ne in ja ƙofa, in kwarara ihun sunan gari, in karɓi kuɗin mota. Karɓar kuɗi ai ko makaho ya iya. Aikin kwandasta a kunne yake da hannu, kuma akwai shekarar da aka ce hannun nan nawa ne ya karya ƙafar wani dattijo, aka sauke ni daga ƙofa wata bakwai, mutanen da na yi shekaru ina ɗauka suna ganina suna kau da kai. Sai kun fahimci yadda aikin yake kafin ku gane yadda aka yi hakan ta faru.

Direban bas ba ya ganin ƙofarsa. Wannan shi ne abu na farko. In mota ta cika, an cusa mutane, an ɗora kwandunan tumatir da buhunan barkono, madubin dama ba ya nuna masa komai sai gefen buhu. Bai san ko mai sauka ya gama sauka ba, bai san ko tsohuwa ta ɗaga ƙafa ɗaya tana neman inda za ta sa ta biyun ba. A hanyar ƙauye kana iya ce masa tsaya ko mu je ya ji ka. Cikin Zariya kuwa ko maƙogwaronka zai tsage ba zai ji ba. Shi ya sa muke magana da jikin mota. A tasharmu bugu ɗaya tsaya ne, bugu biyu tafi, uku da sauri kuma taka birki ko me ke gabanka. Direba yana jin biyu zai saki mota ba tare da ya waiwaya ba, domin ya san wanda ya buga ya riga ya duba masa.

Aikin farko da Baba Jatau ya ba ni shi ne wanke tabarmin ƙasan mota. Shi ne ubangidana na farko, direba ne ɗan wajen Malikanchi, gajere mai faɗa, wanda ba ya maimaita magana. Wata huɗu ina wanki da ɗaurin kaya, bai bari na taɓa ƙofa ba. Da ya ga na fara ƙosawa sai ya zaunar da ni a kujerar baya, ya ce in rufe ido tun daga Ikara, duk inda ya tambaye ni in gaya masa inda muke. In na buɗe ido ya gani ta madubi, a ranar ba ni ba abincin rana. Na ɗauka mugunta ce kawai irin ta iyayen gida. Sai a hankali na fara ganewa. Titin Ikara zuwa Makarfi yana da irin kukan da yake sa taya ta yi, da mun hau babban titi a Tashar Yari kukan ya sauya, ga iskar tirela tana marin jikin mota. Daga Dogarawa hayaniyar ke fara taruwa. In ka ji ƙara tana dawo maka daga sama kamar kana cikin randa, to kun shiga ƙarƙashin gadar Kwangila.

Ranar da na faɗi wurare goma ba kuskure, bai yaba min ba. Ya kai ni wurin wani maƙeri a Ikara, ya zaro notin ƙarfe na ɗaurin mota daga aljihu ya ce a goge shi a yi min zobe daidai yatsana na tsakiya. Ya nuna min inda zan riƙa bugawa, ƙarfen saman ƙofa, can kusa da kan direba, ba kan gilashi ba, ba tsakiyar jikin mota ba. Ya ce kowa na iya marin mota da tafin hannu, mai talla na yi, fasinja mai fushi na yi, amma ƙwas ɗin zobe a ƙarfen nan nawa ne ni kaɗai, kuma kada in kuskura in buga biyu sai na ga ƙafafun mai sauka duka biyun a ƙasa da idona. Zoben yana hannuna har yau, ya cinye min fatar yatsa ta zama kamar ƙirgi.

Ku da kuke shiga gari kuna cewa hayaniya ta yi yawa, a wurinku duk ƙara ɗaya ce. A wurinmu kowace da abin da take faɗa. Ka tsaya a Kwangila da ƙarfe takwas na safe. 'Yan kamasho suna rantsuwa saura mutum ɗaya alhali motar rabi ce. Mai maganin basir ya ɗaura lasifika a kan tsohuwar motarsa yana faɗin abin da ba ka so ka ji kana zaune kusa da surukarka. Masu ruwan leda, masu rake, masu burodi, janareta a kowane shago, mai walda yana yankan ƙarfe, usur ɗin jami'in hanya, ga 'yan Keke da 'yan acaɓa da suke danna hon kamar numfashi. Hon ɗin ɗan acaɓa ba ya nufin komai, kada ka ɓata kunnenka a kansa. Gajere sau biyu daga wata bas gaisuwa ce. Dogo mai kauri da hucin iska a bayansa tirela ce, ka janye ƙafarka ciki. Wanda ake tsoro shi ne hon ɗin da aka danne ba a saki ba, yana matsowa, kuma ba ka jin kukan taya tare da shi. Wannan birki ne ya tsinke. Sau biyu na ji irinsa a rayuwata, sau biyun na buga uku kafin in ga motar da idona.

A cikin wannan ruguntsumin kuma dole ka ji fasinjanka. In na ce "Kwangila?" ɗan makaranta zai ce "Akwai!" har a ji shi a tsallaken titi. Amma matar aure da ke zaune tsakiyar maza ba za ta ɗaga murya ba, sai dai ta ce akwai can ƙasan maƙoshi, ko ka ji motsin ledarta kawai tana tattara kaya. Baƙauyen da bai taɓa shiga Zariya ba kunya ce za ta hana shi magana, sai ya wuce wurin saukarsa ya je ya ɓata a Sabon Gari. Kai za ka ji shi yana gyaran murya tun daga nesa, ka san yana da magana. Yanzu kuwa sai in ga kwandasta ya toshe kunnuwa biyu da iyafis yana jin waƙa, yana rataye a ƙofa yana kaɗa kai, mace ta ce akwai sau uku bai ji ba, in ta yi ƙorafi ya ce me ya hana ta magana. Wallahi in na ga haka ji nake kamar in fizgo shi in jefar a kwata.

Bayan Baba Jatau ya ajiye tuƙi aka ba shi shugabancin tasharmu, na yi direbobi uku kafin in haɗu da Tanimu. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare. Ba zan rage masa komai ba, Tanimu direba ne. Yana jin taya ta rage iska kafin ta nuna, yana gane motar kowane abokin aikinmu da kukan injinta tun ba ta ɓullo kwana ba, kuma yana alfahari da kunnen nan nasa fiye da yadda wasu ke alfahari da 'ya'yansu. Kwano ɗaya muke ci a Sabon Gari, sahu ɗaya muke sallar azahar. Ranar sunan ɗansa na uku ni na feɗe ragon.

A cikin fasinjojinmu na kullum akwai Malam Inuwa, mai gyaran agogo, mutumin Makarfi. Yana da ɗan teburi a wata baranda kusa da Kwangila, kullum da safe zai tsaya a bakin titi da akwatin katakonsa na kayan aiki, farar hula, carbi a hannu. Ya haura sittin a lokacin. Akwatin nan ba ya yarda a ɗaura shi a sama ko a tura shi ƙarƙashin kujera, a cinyarsa yake riƙe shi, in zai sauka kuma ni kaɗai yake miƙa wa, in riƙe da hannu biyu har ya daidaita a ƙasa, saboda akwai gilasai da ƙananan ƙarafa a ciki waɗanda in suka zube ba mai tsince su. Kullum sai ya tambaye ni ya iyali, ya ce Allah ya yi albarka, ya wuce.

Shekarar da abin ya faru shekara ce mai tsanani a tasha. Mai ya yi tsada, Keke ta cika gari tana kwashe mana 'yan gajeren zango, direbobi suka koma rige-rige kamar kaji a kan tsaba. In ka ga mutum uku tsaye a gaba, to akwai bas biyu a bayanka da su ma sun gan su. A shekarar ce kuma Tanimu ya sayo wata ƙatuwar sifika ya sa a ƙarƙashin kujerarsa, wai samari sun fi son motar da ke da kiɗa. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce maigida, abin nan zai rufe maka kunne. Ya yi dariya ya ce ko ganga ake kaɗawa a kansa ba zai kasa jin hannuna ba.

Wata safiya muka iso Kwangila mota cike, kiɗa na tashi. Na buga ɗaya, Tanimu ya tsaya dab da gada. Mutum biyu suka sauka. Malam Inuwa ya miƙo min akwatinsa, na diro ƙasa na karɓa da hannu biyu kamar kullum, ya dafa ƙofa ya sauko da ƙafar hagu. Ta daman tana kan mataki sai na ji bam-bam a bayan mota, tafin hannu a kan faffaɗan ƙarfe. Wani ɗan acaɓa ne da muka tare wa hanya, ya maƙale tsakaninmu da kwata, ya mari motar don a ba shi wuri. Kafin in buɗe baki mota ta zabura. Malam Inuwa ya juya ya faɗi, tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa. Na ji ƙarar ƙashin duk da kiɗan da hon da komai. Na saki akwatin na bi motar na buga uku, ta tsaya.

Ɗan acaɓan ko ƙurarsa ban ƙara gani ba. Fasinjan gari kuwa kun san halinsa, kowa na sauri, kafin mu dawo daga asibiti babu ko mutum ɗaya da za a ce ya ga abin da ya faru. Shi Malam Inuwa da aka tambaye shi ya ce ƙasa yake kallo yana neman wurin taka ƙafa, ya dai ji an buga mota sau biyu, sai ya tsinci kansa a ƙasa.

Kwana uku bayan haka aka zauna a ofishin tasha, Baba Jatau da dattawa huɗu. Tanimu ya ce ya ji bugu biyu ya tafi, kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya. Aka tambaye shi ko na Haladu ne, ya ce to wa ke buga masa mota in ba kwandastansa ba. Ni na rantse ban buga ba, na ce hannuwana biyu suna kan akwati. Aka ce wa ya gani. Babu. Ƙa'idar tasha kuwa a bayyane take tun kafin a haife ni: sitiyari na direba ne, ƙofa ta kwandasta. In direba ya ji biyu ya tafi, ya fita daga laifi. Baba Jatau da kansa ya faɗi hukuncin, bai kalle ni ba. Ya ce daga ranar babu direban da zai ɗauke ni a ƙofa sai abin da hali ya yi.

Na koma lodin rake a wajen Kudan. Mutumin da ya haura arba'in, ana ɗora masa dami a ka yana hawa katako zuwa bayan babbar mota, ƙaiƙayin ganye na cin wuyansa, yaran da ya girme wa iyayensu suna ce masa baba yi sauri. Wannan duk na iya ɗauka, aiki aiki ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne sunan da na samu. A Makarfi an daina cewa Haladu kwandasta, sai wanda ya karya Malam Inuwa. Na je gaishe shi sau biyu. Na farko ɗansa ya ce yana barci alhali ina jin tarinsa daga zaure. Na biyu aka bar ni na shiga, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar yana kallon bango, bai miƙo hannu ba. Ƙafar an yi asibiti, an yi ɗori, ta kama a karkace. Teburinsa na Kwangila wani mai cajin waya ya gaje shi.

Tanimu kuwa ya ɗauki wani kwandastan ya ci gaba da aiki. In mun haɗu a masallacin Juma'a ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in yi haƙuri, kuskure kowa na yi. Har masara ya aiko min da ita gida. Ni kuma, don ku ga wautata, ban taɓa zarginsa ba. Ina ƙarƙashin damin rake ina tunani, na gama yanke wa kaina cewa sifikar nan ce ta cuce mu mu biyu. Kiɗa ya rufe masa kunne, ya ji bugu bai tantance ba, ya ɗauka nawa ne tsakaninsa da Allah. Na ce in har na nuna wa dattawa cewa da kiɗan nan ba mai iya bambance zobe da tafin hannu, to za su gane maganata tana iya zama gaskiya, shi ma ba a ce ya yi ƙarya ba.

Da wannan na je wurin Baba Jatau a wata na bakwai. Na same shi a ƙofar ofis yana cin goro, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce Baba, alfarma ɗaya nake nema, a gwada. A zaunar da Tanimu a sitiyari, a kunna kiɗan yadda yake ranar, a sa mutane su buga mota, a ga in zai gane nawa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake min ta madubi ina yaro. Ya ce in dawo ranar kasuwar Makarfi da hantsi, lokacin da tasha ta fi kacamewa.

Da aka gaya wa Tanimu abin da ake so sai ya hau. Wai shi za a gwada wa kunne a gaban yara? Ya ce a kawo duk wanda za a kawo. Aka ja motarsa tsakiyar tasha, aka rufe madubai da tsumma, aka rataya buhu a bayan kujerarsa. Ya tayar da inji, ya ƙure kiɗa da hannunsa har gilashi na rawa. Ga kasuwa na ci a gefe, masu awon hatsi na ciniki da ihu, injin niƙa na ruri, 'yan kamasho sun bar lodi sun zagaye mu. Baba Jatau ya jera mu mu shida, duk kwandastoci, yana nuna wanda zai buga da sandarsa ba tare da ya yi magana ba.

Na farko ya buga da kwabo. Tanimu ya leƙo da hannu ta taga ya kaɗa, ba shi ba ne. Na biyu da makulli, ba shi ba ne. Aka nuna ni na buga, ƙwas-ƙwas. Ya ce wannan Haladu ne, ko a kabari yake zai gane shi. Aka sake juya mu, ya sake cafke ni. Sai Baba Jatau ya miƙo hannu ya ce in zare zoben, ya ba wani ya sa, ya buga a daidai inda nake bugawa. Tanimu ya yi ɗan jim, sannan ya ɗaga murya ya ce zoben na Haladu ne amma hannun ba nasa ba ne, Haladu bugunsa na biyu ya fi na farko sauƙi. Tasha ta ɗauki sowa. Ni kuwa a ganina shi ke nan, hujjata ta rushe, gobe sai rake.

Baba Jatau ya taka a hankali ya zagaya bayan motar, ya jingine sandarsa, ya buɗe tafin hannu ya mare ta sau biyu, bam-bam.

Tanimu ya kwashe da dariya daga ciki. Ya ce, "Haba Baba, wannan ai ko kwandasta ba ne. Irin na 'yan acaɓa ne in an tare musu hanya."

Yana rufe baki dariyar ta tsaya. Baba Jatau ya dawo ta tagar direba, ya sa hannu ya kashe kiɗan da kansa.

"To, Tanimu," ya ce, "ranar nan a Kwangila wanne ka ji?"

Ban taɓa jin tasharmu ta yi shiru irin na lokacin ba, sai injin niƙa can gefe. Tanimu ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Baba Jatau bai maimaita ba, ya tsaya kawai. Can Tanimu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai mutum biyar tsaye a gaban gada, ga wata bas tana shirin shan gabansa, da ya ji bugu biyu ƙafarsa ta riga shi.

"Na Haladu ne?"

"Ba nasa ba ne, Baba."

"Ka sani a lokacin, ko daga baya?"

"A lokacin."

Ni da na zo in wanke shi, ashe tun kafin tayar ta sauka daga kan ƙafar dattijon nan ya san ba ni ba ne. Zuciya ta ɗebe ni na yi kansa, mutum uku suka riƙe ni. Abin da na faɗa masa a wurin ba zan maimaita muku ba, na yi istigfari a kansa daga baya.

Dattawa suka shiga ofis suka fito, aka mayar min da ƙofata, aka karɓe makullin Tanimu na wani lokaci. Amma Baba Jatau ya ce magana ba ta ƙare a tasha ba, tunda ba a tasha aka karya ƙafar ba. Bayan la'asar ya sa mu gaba, ni da Tanimu, har zauren Malam Inuwa. Muka same shi a kan tabarma, ƙafar a miƙe, sanda a gefe, yana duba wani agogon bango na maƙwabta. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni dai bai kalle ni ba. Baba Jatau ya ce Tanimu na da magana. Tanimu ya faɗa da bakinsa, kansa a ƙasa, bai rage komai ba.

Malam Inuwa ya ajiye agogon. Na zaci wurin Tanimu zai juya. Sai ya juyo gare ni.

"Haladu," ya ce, "wata bakwai ina kai ƙararka wurin Allah bayan kowace sallah. Da sunanka nake yi."

Ya dafa ƙasa ya jawo jikinsa a kan tabarmar, yana jan karkatacciyar ƙafar nan, har ya iso inda nake durƙushe. Ya kama hannuna da hannuwansa biyu yana hawaye, yana cewa in yafe masa don Allah, in yafe masa kada ya mutu da hakkina. Na ce Malam ka daina, Malam don Allah ka daina, ba ka yi min komai ba. Bai saki ba sai da na furta cewa na yafe.

Tanimu ya nemi gafarata daga baya, ya turo mutane, ya zo da kansa. Zaman rake na yafe masa, sunan da aka ɓata min na yafe. Amma cewa ya sa tsohon da ya gurgunta ya ja jiki a ƙasa yana roƙona gafara, shi yana zaune a gefe yana kallon tabarma, wannan har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban ce masa na yafe ba. Washegari na kama ƙofar wata motar, ban ƙara buga wa Tanimu ko ɗaya ba.